Me Ya Sa Masoya Ke Tayar da Jijiyar Wuya Idan Aka Ce Za a Sake Yin Tsohon Fim?

Wane irin fim ake nufi, kuma me ya bambanta shi da sauran?

Ana nufin fim ɗin da galibi bai yi kasuwa ba a lokacin da ya fito, amma daga baya ya samu 'yan ga-ni-kashe-nin masoya. Su ne masu kallonsa sau ba adadi, su haddace maganganun cikinsa, su riƙa jawo wasu. The Thing na John Carpenter da Blade Runner sun fito rana ɗaya a watan Yuni na 1982, makonni biyu bayan E.T. ya mamaye sinimomin Amurka, kuma dukansu sun sha ƙasa. Kaset na bidiyo da talabijin ne suka raya su. The Rocky Horror Picture Show na 1975 kuwa nunin tsakar dare ne ya ɗaga shi, inda 'yan kallo ke zuwa da shigar jaruman suna mayar wa allo magana. A Indiya, Agneepath na 1990 bai kawo kuɗi ba duk da Amitabh Bachchan na ciki, sai daga baya aka gane ƙimarsa.

To mene ne abin fushi, tunda ba a goge na asalin ba?

Wannan ita ce hujjar da masu kare sabon zubi suka fi kawowa, kuma tana da ƙamshin gaskiya. Amma ba ta taɓo inda ke yi wa masoyan ƙaiƙayi ba. Abubuwan da suka hana fim ɗin kasuwa tun farko, wato baƙon salo, ƙarshe mai ɗaci, zubar jini, jarumin da ba shi da farin jini, su ne dai suka sa 'yan tsirarun nan suka rungume shi. Shi kuwa kamfani yana sake yin fim ne don ya kai ga jama'a masu yawa, saboda haka abin da yake fara cirewa shi ne waɗannan ƙusoshin. Sai a wayi gari suna na nan, amma an zare wa fim ɗin laka.

RoboCop ya nuna haka ƙarara. Na 1987 yana da tambarin R a Amurka, ma'ana ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga sai da babba, kuma cike yake da habaici ga kamfanoni da tallace-tallace. Na 2014 an sassauta shi zuwa PG-13 don matasa su sayi tikiti. Tun kafin ya fito masoya suka san me za a rage.

Akwai kuma batun mallaka. Mutumin da ya shekara ashirin yana kare fim ɗin da kowa ya yi wa dariya yana jin yana da haƙƙi a kansa, ko da a shari'a ba shi da ko anini. Wani lokaci har da alhini a ciki: Brandon Lee, jarumin fim ɗin The Crow, ya rasu a 1993 sakamakon harbin bindigar da ake amfani da ita a wurin ɗaukarsa, don haka da yawa suka ɗauki fim ɗin 1994 a matsayin abin tunawa da shi. Da aka sake shi a 2024, har daraktan na asalin, Alex Proyas, ya fito fili ya soki aikin, kuma fim ɗin bai dawo da kuɗin da aka zuba ba.

Me ya sa kamfanoni ba sa daddara?

Lissafi ne. Gidajen sinima suna riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, sannan kuɗin talla daban yake da na shirya fim, shi ya sa ake ƙiyasta cewa sai fim ya tara ninki biyu zuwa biyu da rabi na abin da aka kashe kafin a ce an fita. Sunan da mutane suka riga suka sani yana rage wahalar talla, kuma sau da yawa haƙƙin mallakar yana hannun kamfanin tuntuni. Kuskuren shi ne ɗaukar sanin suna a matsayin yawan masu saye. Masoyan irin wannan fim suna da ƙarar murya amma ba su da yawa, kuma su ne farkon waɗanda za a ɓata wa rai.

Idan aka kwafi na asalin tiryan-tiryan, ba shi ke nan ba?

An gwada. A 1998 Gus Van Sant ya sake Psycho na Alfred Hitchcock kusan fitowa bayan fitowa, sai dai mai kala. An kashe kimanin dala miliyan 60, aka samu kimanin miliyan 37. Wanda ya san na 1960 bai ga dalilin kallo ba, wanda bai sani ba ya ga tsohon yayi.

Kwafin ma ba ya kama abin da hannu ya yi. A The Thing na 2011, wanda ya ba da labarin abin da ya faru kafin na 1982, an ƙera dodannin da roba da injina, sannan aka lulluɓe yawancinsu da zanen kwamfuta bayan an gama ɗauka. Masoyan da suka ƙaunaci na Carpenter saboda dodon da ido ke yarda da shi ba su yafe wannan ba har yau.

Akwai waɗanda aka sake kuma aka karɓa?

Sosai. Abin dariya ma, The Thing na 1982 kansa sabon zubi ne na labarin da aka yi fim ɗinsa a 1951, haka Scarface na 1983 daga na 1932 ya samo asali. Fim ɗin Indiya mai suna Don na 2006 ya tsira ne saboda Farhan Akhtar, ɗan Javed Akhtar wanda ke cikin marubutan na 1978, ya riƙe waƙoƙi da maganganun da aka sani, sannan ya juya ƙarshen labarin ta yadda wanda ya haddace tsohon shi ya fi shan mamaki. Agneepath na 2012 ya riƙe ramuwar gayya da garin Mandwa, amma Hrithik Roshan bai yi yunƙurin kwaikwayon muryar Bachchan ba, kuma ya yi kasuwar da na farkon bai yi ba.

A ɗaya ɓangaren akwai Aag na Ram Gopal Varma a 2007, wanda ya taɓa Sholay na 1975. Ya faɗi warwas, kuma a 2015 Babbar Kotun Delhi ta ci tarar Varma rufi miliyan ɗaya kan keta haƙƙin mallaka.

Shin surutun masoya yana sauya wani abu?

Yana yi idan ƙorafin takamaimai ne kuma akwai sauran lokaci. Da tirelar Sonic the Hedgehog ta fito a 2019, kowa ya nuna abu guda, wato siffar Sonic ɗin, musamman haƙora da idanu. Aka ɗage fitowar daga Nuwamba zuwa Fabrairun 2020, aka sake zana shi, fim ɗin ya yi kasuwa. Zanen kwamfuta yana gyaruwa. Jarumin da aka riga aka ɗauka ko labarin da aka gama ɗauka ba sa gyaruwa da ihu.

Za a iya dogaro da makin da masu kallo ke bayarwa a intanet?

A yi hattara da na makon farko. Wasu kan haɗa baki su yi ruwan ƙananan maki ba tare da sun kalli fim ɗin ba, abin da ya sa shafin sharhin finafinai na Rotten Tomatoes a 2019 ya hana sharhi kafin fitowa, ya kuma fara tantance waɗanda suka sayi tikiti. YouTube ma ya ɓoye adadin masu nuna ƙin bidiyo a 2021. Abin da ya fi nuna gaskiya shi ne kuɗin da fim ya tara a mako na biyu. Idan ya faɗi da fiye da kashi 60 cikin ɗari, sau da yawa waɗanda suka kalla ne suka hana 'yan uwansu zuwa.