Sallie W. Chisholm

Sallie Watson Chisholm, wadda abokan aikinta suka fi sani da Penny, masaniyar kimiyyar teku ce 'yar ƙasar Amurka, kuma ta shahara ne saboda gano ƙwayar halittar nan mai suna Prochlorococcus, wadda ita ce mafi ƙanƙanta kuma mafi yawa cikin halittun da ke haɗa abincinsu da hasken rana. An haife ta a shekarar 1947 a garin Marquette na jihar Michigan. Ta yi digirin farko a Kwalejin Skidmore, ta samu digirin digirgir a Jami'ar Jihar New York da ke Albany a 1974, sannan ta yi ɗan zama a cibiyar binciken teku ta Scripps kafin ta koma Cibiyar Fasaha ta Massachusetts (MIT) a 1976, inda ta shafe rayuwarta ta aiki.

A tsakiyar shekarun 1980, ita da Robert Olson na cibiyar binciken teku ta Woods Hole suka riƙa shiga jirgin ruwa da wata na'ura da aka fi sani a asibitoci, wadda ke tura ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya ta gaban hasken leza tana auna hasken da kowace ta mayar. Abin da suka je nema shi ne Synechococcus, wata ƙwaya da aka riga aka sani. Sai dai a cikin ruwan da aka ɗebo daga zurfi sun yi ta ganin wasu 'yan ɗigo-ɗigo ja masu rauni, waɗanda da farko aka zaci kuskuren na'ura ne. Ashe halitta ce mai rai, faɗinta bai kai mikromita ɗaya ba (wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita), shi ya sa ta daɗe tana kuɓuce wa madubin likita na yau da kullum. Sun wallafa sakamakon a mujallar Nature a 1988, aka kuma raɗa mata suna Prochlorococcus marinus a 1992.

Yawanta ne ya girgiza masana. A ruwan teku mai ɗumi, tsakanin digiri 40 arewa da digiri 40 kudu da layin ikwaita, mililita ɗaya tak na iya ƙunsar ƙwayoyi 100,000, kuma ana samunsu tun daga saman ruwa har zurfin wajen mita 150 ko fiye, inda haske ya kusa ƙarewa. Ma'ana dai, an yi shekaru ana lissafin yadda teku ke zuƙe iskar kabon yana fitar da oksijin ba tare da sanin ɗaya daga cikin manyan masu yin aikin ba.

Chisholm ta ɗauki wannan ƙwaya guda ta mayar da ita madubin fahimtar teku baki ɗaya, kuma a nan ne tasirinta ya fi ƙarfi. Ɗakin bincikenta ya nuna cewa Prochlorococcus dangi-dangi ce, wasu sun saba da haske mai ƙarfi na sama, wasu da ƙarancin hasken zurfi. A 2003 aka karanta kundin gado, wato jerin dukkan ƙwayoyin gado, na nau'i biyu: MED4 mai son haske yana da ƙwayoyin gado kimanin 1,700 kacal, shi kuwa MIT9313 na zurfi ya haura 2,200. Daga baya ita da ɗalibanta suka gano cewa bairos ɗin da ke kama wannan halitta suna ɗauke da wasu ƙwayoyin gadon sarrafa haske, suna kuma safararsu daga wata ƙwaya zuwa wata.

Ta kuma yi fice wajen adawa da shawarar zuba sinadarin ƙarfe a teku don a haɓaka tsiron ruwa a rage ɗumamar yanayi. Hujjarta, wadda ta bayyana a mujallar Science a 2001, ita ce ba za a iya tantance yawan kabon da zai nutse ba, alhali ɓarnar da za a yi wa sarƙar abinci ta teku na iya zama mai wuyar gyarawa.

An zaɓe ta cikin Majalisar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka a 2003. Shugaba Barack Obama ya miƙa mata lambar girma ta ƙasa kan kimiyya a 2013, sannan ta samu kyautar Crafoord ta ƙasar Suwidin a 2019.