Waiwaye: Yadda Yaƙi da Hauhawar Farashi Suka Tsawwala Jigilar Kayan Sanyi

Tun daga 1882, lokacin da jirgin ruwan Dunedin ya kai daskararren nama daga New Zealand zuwa Landan bai lalace ba, harkar jigilar kayan sanyi, wato kayan da ke lalacewa in ba a ajiye su cikin sanyi ba, take rayuwa a kan makamashi mai araha. Motar da ta ɗauko kifi ko magani tana shan mai ne ta baki biyu, wato injin da ke jan ta da kuma na'urar sanyayawa, wadda ba a kashe ta ko da direba ya kwana uku a layin kan iyaka. Yawancin alluran rigakafi ana ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Celsius, daskararren abinci kuwa a digiri 18 ƙasa da sifili.

Annobar korona ce ta fara dagula lissafi, domin a 2021 kwantenoni sun yi ƙaranci kuma kuɗin dakon kaya ta jirgin ruwa ya yi tashin gwauron zabi. Ana cikin haka Rasha ta afka wa Yukren ranar 24 ga Fabrairun 2022, gangar ɗanyen mai ta haura dala 120 a watan Maris, dizal ya bi sahu, tsadar iskar gas a Turai kuma ta ɗaga kuɗin lantarkin rumbunan sanyi. Hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 cikin 100 a Amurka a watan Yuni, ta kai kashi 10.6 a ƙasashe masu amfani da Yuro a Oktoba. Albashin direbobi da kayan gyara suka tashi, manyan bankuna suka ƙara kuɗin ruwa, sayen sabuwar mota da bashi ya zama jan aiki, musamman ga ƙananan masu jigila.

A ganina, abin da ya fi fito da raunin harkar fili shi ne hare-haren 'yan Huthi na ƙasar Yaman a kan jiragen ruwa a Bahar Maliya daga Nuwamban 2023. Jirage da dama suka ƙaurace wa mashigin Suwez suna zagayawa ta kudancin Afirka, tafiyar Asiya zuwa Turai ta ƙaru da kimanin kwana 10, inshorar masu ratsa yankin ta yi tsada. Kwantenar tufafi ba ruwanta da jinkiri. Ta 'ya'yan itace kuwa kowace rana wuta take sha, kwanakin da suka rage a sayar da kayan suna raguwa, abin da ya ruɓe kuma a kan farashin wanda ya tsira ake ɗora asararsa.