Alhinin Rashi a Labaran Soyayya na Tafiye-tafiye

Labarin soyayya na tafiye-tafiye wani reshe ne na littattafan soyayya na zamani, galibi a Amurka da Ingila ake rubuta su, inda tauraruwar labarin take barin gida ta kama hanya, a can kuma soyayya ta riske ta. A da yawansu mutuwa ce take fitar da ita daga gidan, ko miji ko saurayi ko uba, shi ya sa alhini yake zama ginshiƙin labarin tun daga shafin farko.

Misalin da ya fi fito da abin fili shi ne Float Plan na Trish Doller, wanda ya fito a 2021. Sunan littafin ma daga wajen matuƙan jirgin ruwa ya samo asali, wato takardar da mai shiga teku yake barwa na kan tudu, ga inda za ni ga ranar da zan dawo. Anna ce tauraruwar, saurayinta Ben da za ta aura ya kashe kansa, wata 10 bayan rasuwar sai wayarta ta yi ƙara, tunin ranar da suka tsayar za su zaga tsibiran Karibiyan a jirginsa na ruwa mai tafiya da iska, kawai ta ɗauki jirgin daga Fort Lauderdale a jihar Florida ita kaɗai, da ƙyar ta kai Bimini a Bahamas, a nan ta gane abin ya fi ƙarfinta ta ɗauki hayar Keane, ƙwararren matuƙi ɗan Ireland wanda shi ma ya rasa ƙafa ɗaya yana amfani da ta roba.

Zurfin labarin yana wajen jirgin ne. Na Ben ne, hanyar ma shi ya zana ta a taswira har tsibirin Trinidad, to Anna tana kwana tana tashi cikin kayan mamacin, ga kewa ga jin haushin ya tafi ya bar ta, ga kunyar kanta duk lokacin da ta ji zuciyarta ta karkata ga Keane. Wannan kunyar ita ce ta fi taɓa mai karatu, wallahi duk wanda ya taɓa rashi ya san ta. Sannu a hankali take fara kauce wa hanyar Ben tana zaɓar tsibiran da ranta ke so, kuma marubuciyar ba ta sa Keane ya goge mata Ben ba, da alhinin nata ta shiga sabuwar soyayyar.

Akwai kuma P.S. I Love You na Cecelia Ahern, 2004, inda Gerry ya bar wa matarsa Holly wasiƙu kafin ƙari a ƙwaƙwalwa ya kashe shi, ɗaya daga ciki ta tura ta hutu tsibirin Lanzarote na ƙasar Sifaniya da ƙawayenta. Sai dai tafiyar a nan ƙarama ce, kuma Holly ba ta ƙare da wani namiji ba, alhali ka'idar wannan reshen ita ce masoyan su ƙare tare, kamar yadda Anna da Keane suka yi.