Batir ya ƙare, firij ya ƙi sanyi: tambayoyi da amsoshi kan wutar tirelar kwana

A Amurka da Ostareliya da Turai ana ɗaura wa mota wani ɗan ɗaki mai taya, da gado da madafa da firij a ciki, a tafi yawon buɗe ido. Shi ne tirelar kwana. Wutarsa iri biyu ce: ta batir mai bolt 12, da ta gari da ake jona masa a sansani, bolt 120 a Amurka, 230 a Turai. Mai sola a gida zai ga matsalolin kusan irin nasa ne.

Dare ɗaya kawai, da safe ba wuta. Batir ya lalace ke nan?

Kada ka yi gaggawar sayen sabo, fara aunawa. Kashe komai, ka bar batirin ya huta na 'yan sa'o'i, sannan ka ɗora mitar auna bolt a kansa. Batirin ruwa cikakke yana nuna bolt 12.6 ko 12.7. Idan ya nuna 12.2, rabin cajinsa ya tafi, kuma yawan sauke shi ƙasa da haka shi ke gajarta masa kwana. Wanda aka cika shi dam amma ya zube da zarar an kunna fitila biyu, wannan kam ya gama yayi. Duba ruwansa ma. In ya ja baya a ƙara tataccen ruwan batir, ban da na famfo.

Tirela tana jone da wutar gari, amma batir ba ya caji. Ina matsalar?

Akwai na'urar da ke mayar da wutar gari ta zama ta batir. In tana aiki, mita za ta nuna wajen 13.6 ko sama. In lambar ba ta motsa ba, duba makunnin raba batir, sannan manyan fiyus na jikin na'urar, waɗanda ke ƙonewa nan take idan aka jona batir a juye. Wannan kuskure yana da saurin faruwa, domin a tireloli da yawa na Amurka baƙar waya ce mai wuta, farar kuma ita ce ta jikin ƙarfe. Wanda ya saba da mota zai ɗauka baƙa ce ta ƙasa, wato ta jikin ƙarfe. Bi wayar da ido har ka ga inda ta ƙare.

Firij ɗina da gas yake aiki. Me ya haɗa shi da batir?

Nan mutane suka fi ruɗewa. Irin wannan firij ba shi da kwamfiresa. Zafi ne ke zagaya ammoniya da ruwa a cikin bututu har sanyi ya samu, fasahar da wasu ɗalibai biyu 'yan Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, suka ƙirƙiro a 1922. To amma a na zamani, allon da ke buɗe gas ya kyasta wuta da batir yake aiki. Batir ya yi sanyi, firij ya tsaya, ko da tukunyar gas cike take.

Ban da gas da wutar gari, wasu firij ɗin suna da hanya ta uku, wato dumama bututun da batir kai tsaye. Wannan yana jan amfiya 10 ko fiye ba hutawa, don haka an yi shi ne domin lokacin da mota ke tafiya tana caji. Wanda ya tsaya ya manta bai mayar da shi kan gas ba, kafin gari ya waye batir ya zube.

Sannan dole tirelar ta tsaya daidai. Idan ta karkace, ruwan cikin bututu ba ya gangarowa yadda ya kamata, kuma in aka daɗe a haka bututun na iya toshewa har abada. In ka ji warin ammoniya ko ka ga hoda mai ruwan ɗorawa a bayan firij, kashe shi nan take, ya fashe ne, kuma yana iya jawo gobara.

Firij ɗina mai kwamfiresa ne. Yana tashi, sai ya mutu, alhali batir a cike yake.

Ni a ganina waya ce abar zargi ta farko. Kwamfiresa yana da kariyar da ke kashe shi idan wuta ta yi ƙasa, kuma siririyar waya mai tsawo tana cinye wuta a hanya. Auna a kan batir, ka sake aunawa a bayan firij daidai lokacin da yake ƙoƙarin tashi. Idan bambancin ya wuce rabin bolt, sa waya mai kauri, ka kankare tsatsar kan batir da ta inda waya ta kama jikin tirela, ka ɗaure su tamau.

Na ajiye tirela komai a kashe, amma batir ya ƙare.

Na'urar gano yoyon gas da rediyo suna shan wuta kaɗan-kaɗan dare da rana. Cire wayar ƙasa ta batir yayin ajiya, ka riƙa yi masa caji wata-wata, kuma ka mayar da ita kafin kowa ya kwana a ciki ko a buɗe gas, domin na'urar gano yoyon gas ta koma aiki.