Saka sunan fayil a cikin rubutu da umarnin edita

Saka sunan fayil a cikin rubutu dabara ce da manyan editocin kwamfuta ke bayarwa, ta yadda mai rubutu zai sa editan ya rubuta masa sunan fayil ɗin da yake aiki a kansa, ba sai ya buga shi da hannu ba. Masu rubuta manhaja sun fi kowa amfani da ita, musamman a layukan bayani na saman fayil, inda harafi ɗaya da aka kuskure kan rikita wanda ya gaji aikin.

Tarihi

Asalin dabarar yana komawa ga editan vi, wanda Bill Joy ya rubuta wajen 1976 a Jami'ar Kalifoniya da ke Barkili, Amurka. A layin umarninsa, alamar % tana tsayawa a madadin fayil ɗin da ke buɗe, # kuwa fayil ɗin da aka bari kafin shi. Bram Moolenaar, ɗan ƙasar Holan, ya fito da Vim, edita mai bin tsarin vi, a 1991 don kwamfutar Amiga, ya ci gaba da kula da shi har rasuwarsa a watan Agusta 2023. A Vim, % ta zama ma'ajiya ta musamman da ke riƙe da sunan fayil. Haruffan da ake liƙa wa % don ciro wani ɓangare na sunan, wato :h da :t da :r da :e, suna kama da na csh, manhajar karɓar umarni ta Unix, wadda ita ma aikin Joy ce.

A Vim

Mai rubutu yana cikin bugawa sai ya danna Ctrl-R sannan %, sunan ya fito inda yake. A yanayin umarni kuwa, wato inda maɓallai ke ba da umarni maimakon rubutu, "%p ake bugawa. Idan fayil ɗin aiki/rahoto_garwa.txt ne, haka zai fito har da sunan jakarsa. Mai son sunan zalla zai danna Ctrl-R da =, ya rubuta expand('%:t'), ya samu rahoto_garwa.txt. Da %:t:r wutsiyar .txt ma tana faɗuwa, %:p kuma tana kawo cikakkiyar hanyar fayil tun daga tushe. Rubutun da ba a taɓa ba shi suna ba, ma'ajiyarsa fanko ce.

A Garwa, Marwa, Ngaundare da Injamina, inda allon bugu na AZERTY irin na Faransa ya yawaita, % tana kan maɓallin ù na daman M, sai an haɗa da Shift. Alamar " kuwa tana kan maɓallin 3, ba ta buƙatar Shift.

Sauran editoci

A GNU Emacs sunan yana cikin buffer-file-name, kuma danna C-u M-: (wato Ctrl-u, sannan Alt da :) tare da rubuta buffer-file-name yana saka cikakkiyar hanyar fayil ɗin tsakanin alamomin zance. Visual Studio Code yana amfani da $TM_FILENAME, sunan da ya aro daga TextMate.