Waiwaye: daga gaɓar tekun Peru zuwa teburin mai kifi a Sabon Gari

Zariya ba ta da teku, sai an yi tafiyar yini guda kafin a gan shi a Legas. Amma kifin ƙanƙarar da ake sarawa a kasuwar Sabon Gari da ta Tudun Wada, titus ne ko kote ko shawa, duk daga teku ya fito. Buhun abincin da mai kiwon tarwada a Samaru ke saya ma, mai kyaunsa ba ya rasa garin kifi a ciki. In aka bi sawun waɗannan duka, tushensu ɗaya ne: wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, masu yawo a saman ruwan teku, dangin gansakukar da ke sa kududdufi ya yi kore. Su kaɗai ke yin kusan rabin aikin da tsirran duniya baki ɗaya ke yi na mai da hasken rana abinci. Ƙwarin ruwa su ci su, ƙananan kifaye su ci ƙwarin, manyan kifaye da tsuntsaye su ci ƙananan.

Buƙatarsu biyu ce, haske da taki. Haske yana sama. Takin kuwa, wato naitrojin da fosfaras da ɗan sinadarin ƙarfe, yana can ƙasa cikin ruwa mai sanyi inda matattun halittu ke ruɓewa. Sai inda iska ta kore ruwan sama daga gaɓa, na ƙasa ya taso ya maye gurbinsa, sannan tsirran ke samun biyun a haɗe. Wuraren da hakan ke faruwa kaɗan ne, irin su gaɓar Peru da Namibiya da Moritaniya da Kalifoniya, amma kifin da ake kamawa a cikinsu ya fi ƙarfin girmansu nesa ba kusa ba.

Masuntan Peru ne suka fara lura da cewa wani lokaci abin na tsayawa. Wajen Kirsimeti ruwa mai ɗumi kan gangaro musu daga arewa, a wasu shekarun ya zauna ya ƙi tafiya, kifi ya ɓace. Suka sa masa suna El Nino, kuma a 1892 wani hafsan jirgin ruwa, Camilo Carrillo, ya ambaci sunan a taron masana labarin ƙasa a birnin Lima. A can Indiya kuma, bayan yunwar 1899 da rashin damina ya jawo, Baturen Ingila Gilbert Walker ya shafe shekaru yana tattara alƙaluman yanayi, har ya gano cewa in nauyin iska ya hau a gabashin Tekun Pasifik, sai ya sauka a yammacinsa. Ba a gane cewa masuntan da Walker abu ɗaya suke kallo ba sai a 1969, lokacin da masanin yanayi Jacob Bjerknes ya nuna yadda suke haɗe: iskar gabas ta yi rauni, ruwan ɗumi ya dawo ya lulluɓe gaɓar Peru, abin da ke tasowa daga ƙasa ya zama ba taki a cikinsa, tsirran su ƙare.

Shekara uku bayan wannan bayani aka ga abin a aikace. Peru ta gina masana'antar garin kifi a kan ɗan ƙaramin kifin nan ancobi, har a 1970 ta kama fiye da tan miliyan 12, ta zama ta ɗaya a duniya. Da El Nino ya zo a 1972, kifin da ya rage ya taru a 'yan wurare masu sanyi kusa da gaɓa, jiragen suka same shi a tattare, suka yi ta kwasa suna ganin albarka ce. Kafin a farga an cinye iri. Kamun ya faɗi warwas, ya ɗauki kusan shekara ashirin kafin ya farfaɗo sosai. Masu kiwon dabbobi a duniya suka koma kan waken suya, farashinsa ya yi tashin gwauron zabi, har Amurka ta taƙaita fitar da shi a 1973. A ganina nan ne zuciyar labarin. El Nino ya sha zuwa ya wuce tun kafin a ƙera jirgin kamun kifi na farko, ancobi kuma ya sha farfaɗowa. Abin da ya karya shi a 1972 shi ne ɗumamar ta tarar da mutane sun riga sun wuce gona da iri.

Dattawanmu ba su manta da waɗannan shekarun ba, don su ne na farin da ya kashe dabbobi ya tarwatsa mutanen Sahel, ya sake dawowa a 1983 da 1984. Bincike daga baya ya nuna cewa zafin saman tekuna, musamman bambancin da ke tsakanin arewaci da kudancin Atlantika, yana da hannu babba a ƙarfin daminarmu. Ruwan da ke hana kifi abinci yana iya hana gero ruwa.

El Ninon 1982 zuwa 1983 ya shammaci masana, don ba su da na'urorin da za su gan shi yana tafe. Tsuntsayen tsibirin Kiritimati da ke tsakiyar Pasifik suka watsar da sheƙunansu da 'ya'yansu, a tsibiran Galapagos kuma wajen kashi uku cikin huɗu na tsuntsun fengwin suka mutu. Wannan ne ya sa aka jera na'urorin awo kusan 70 a tsakiyar Pasifik. A 1997 aka harba tauraron ɗan'adam mai ɗauke da SeaWiFS, na'urar da ke auna koren teku daga sama, kuma ta ci sa'a ta faɗa tsakiyar wani babban El Nino. Ta ga tsakiyar Pasifik ya zama fayau ba kore, sannan a tsakiyar 1998 da sanyin La Nina, kishiyar El Nino, ya dawo, tsirran suka ɓarke a faɗin dubban kilomita. Karon farko ke nan da aka ga faɗuwar da tashin da ido.

Tekun da ke ciyar da mu ma ba a zaune yake ba. Tun 1931 ake jan wata na'ura da Alister Hardy ya ƙirƙira a bayan jiragen kasuwa a arewacin Atlantika tana tace ruwa, kuma bayananta sun nuna ƙwarin ruwa masu son ɗumi sun matsa arewa da kusan kilomita 1,000 cikin shekara arba'in. Titus ma ya faɗaɗa zuwa ruwan Iceland daga wajen 2007, ƙasashen yankin suka shiga rigimar rabon kamu. A kudu kuma, ɗumamar da ta afka wa gaɓar Angola da Namibiya a 1984 da 1995 ta yi wa kifin sadin illa. Ko hazon da ke rufe mana gari da hunturu yana cikin lissafin: ƙurar kwarin Bodele na Chadi, wadda akasarinta ɓawon irin waɗannan tsirran ne da suka mutu a tsohon Tafkin Chadi, tana kai wa Atlantika ƙarfe da fosfaras.

Peru dai ta koyi darasi. A watan Yunin 2023, da ruwa ya ɗumama aka ga ƙananan kifi sun yi yawa, gwamnati ta soke kakar farko ta kamun ancobi a arewaci da tsakiyar gaɓarta. Garin kifi da man kifi suka yi tsada a duniya, amma iri ya tsira. Abin da ke damuna shi ne namu yankin. A Moritaniya da Sanagal da Gambiya masana'antun garin kifi sun yawaita, suna niƙe sadinela, kifin da talakan Afirka ta Yamma ke ci, ana fitar da garin zuwa Asiya da Turai. Masu bincike na Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun daɗe suna cewa kamun ya wuce kima, ga ruwan yana ƙara ɗumi, kifin yana matsawa arewa. Halin da Peru ke ciki ke nan kafin 1972, kuma ƙasashen da ke raba wannan kifi har yanzu ba su da tsayayyen tsarin kamu na bai ɗaya da zai sa su dakata tare in mummunar shekara ta zo.