Tafiyar Isra'ilawa a Jeji

Tafiyar Isra'ilawa a jeji ita ce yawon da jama'ar Annabi Musa suka yi tsakanin fitarsu daga Masar da shigarsu ƙasar Kan'ana, wanda Attaura ta ce ya ɗauki shekara arba'in. Labarin ya faro daga Littafin Fitowa, ya ratsa Littafin Firistoci da Littafin Ƙidaya, ya tuƙe a Maimaitawar Shari'a. A cikin waɗannan littattafai huɗu ne ake samun kusan dukkan dokokin da ake kira shari'ar Musa, kuma an saƙa su ne cikin labarin tafiyar, ta yadda sau da yawa doka kan zo a kan gaɓar wani tawaye ko wata buƙata da ta taso a zango.

Daga Masar zuwa Sina'i

Littafin Fitowa ya ce maza kusan 600,000 ne suka fita da ƙafa, ban da mata da yara. Kwana uku da haye teku suka fara gunaguni a Mara, inda ruwan ya yi ɗaci, sa'an nan suka sauka a Elim mai maɓuɓɓuga 12 da itatuwan dabino 70. Gwajin biyayya na farko mai muhimmanci ya zo ne ta wajen abinci, tun kafin a kai dutsen da aka ba da doka. Kowace safiya, idan raɓa ta ɗauke, sai a ga manna a ƙasa, fari-fari, mai ɗanɗanon waina da zuma. An ce kowa ya ɗebi awo guda, wanda ake kira omer, kada ya kwana da saura. Waɗanda suka ɓoye na gobe sun wayi gari ya yi tsutsa yana wari. A rana ta shida kuwa an umarce su su ɗebi ninki biyu saboda Asabar, ranar hutu, wannan kuma bai lalace ba. Duk da haka an sami waɗanda suka fita nema a rana ta bakwai, suka dawo hannu rabbana.

A wata na uku suka isa Dutsen Sina'i, inda suka yi zaman kusan shekara guda. A nan aka ba da Dokoki Goma, aka ƙulla alkawari da jinin hadaya, aka ƙera Akwatin Alkawari da Alfarwa ta Sujada, aka keɓe Haruna da 'ya'yansa su zama firistoci. Dokokin sun haɗa da hadayu da tsarki da abincin da ya halatta, amma sun shiga har cikin ma'amalar yau da kullum: wanda ya karɓi mayafin maƙwabcinsa jingina ya mayar masa kafin faɗuwar rana, manomi kuma ya bar gefen gonarsa da kala domin matalauci da baƙo. Malaman Yahudawa na baya sun ƙidaya dokokin Attaura 613, wato umarni 248 da hani 365.

A gindin dutsen nan ne kuma aka yi saɓo mafi girma. Musa yana bisa dutse kwana arba'in, jama'a suka tara 'yan kunnen zinariya aka zuba ɗan maraƙi suka bauta masa. Da ya sauko ya farfasa allunan, ya ƙone maraƙin ya niƙe shi, Lawiyawa, 'yan kabilar Musa, kuma suka kashe mutum wajen 3,000.

Kadesh-barneya

Maimaitawar Shari'a ta ce tafiyar kwana 11 ce daga Horeb, wato Dutsen Sina'i, zuwa Kadesh-barneya, a bakin iyakar Kan'ana ta kudu, wannan kuwa ya nuna cewa ba nisan hanya ne ya jawo shekara arba'in ba. Daga nan Musa ya aiki 'yan leƙen asiri 12, ɗaya daga kowace kabila. Bayan kwana arba'in suka dawo da nonon inabi da sai da mutum biyu suka ratayo a sanda, amma goma daga cikinsu suka ce mazauna ƙasar ƙarfafa ne, biranensu kuma masu garu. Joshuwa da Kalibu ne kawai suka ce a shiga. Jama'a suka ƙi, har suka yi shawarar naɗa shugaba su koma Masar. Hukuncin da ya biyo baya shi ne shekara guda ta yawo a jeji a madadin kowace ranar leƙen asiri, kuma duk wanda ya kai shekara 20 zai mutu a jeji, in ban da waɗancan biyu.

Abin lura shi ne, shekaru 38 da suka biyo baya ba su sami wuri mai yawa a Littafin Ƙidaya ba. An ambaci tawayen Kora da 'yan dokoki kaɗan, sai labari ya tsallaka zuwa ƙarshen tafiya. Maryamu, 'yar'uwar Musa, ta rasu a Kadesh, Haruna a Dutsen Hor yana da shekara 123. Shi kansa Musa an hana shi shiga ƙasar saboda a Meriba ya bugi dutse da sanda sau biyu don ruwa ya fito, alhali magana aka ce ya yi masa. Ya maimaita wa sabon tsara shari'a a filayen Mowab, ya hangi ƙasar daga Dutsen Nebo, ya rasu yana da shekara 120. Ƙidayar mayaƙa ta farkon tafiya ta ba da 603,550, ta ƙarshen tafiya kuma 601,730.

A cikin Alƙur'ani

Suratul Ma'ida ta kawo ƙin shigar da Banu Isra'ila suka yi ƙasa mai tsarki, da haramta musu ita shekara arba'in suna ɗimuwa. Suratul Baƙara ta ambaci manna da salwa, da marmaro 12 da suka ɓuɓɓugo daga dutse. A Suratu Ɗaha, Samiri ne ya ƙera maraƙin, Haruna kuwa ya gargaɗe su, saɓanin Littafin Fitowa da ya danganta zubin ga Haruna.

Binciken tarihi

Rubutu mafi daɗewa da ya ambaci Isra'ila a wajen littattafan addini shi ne dutsen Fir'auna Merneptah, na wajen 1208 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma ya nuna su a Kan'ana ne. Masu tonon kufai ba su sami alamar zangon jama'a masu yawan haka a Sina'i ba, shi ya sa da yawansu ke ganin adadin bai kai haka ba. Wurin Dutsen Sina'i ma ana saɓani a kansa, ko da yake al'adar Kirista ta tsaya a kan Jabal Musa, wanda aka gina gidan ibadar Santa Katarina a gindinsa a ƙarni na 6.